Aiki a Abuja, kwana a Mararaba: abin da ya kamata ku sani game da tsara yanki

A ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnatin Nijeriya ta tashi daga Legas ta koma Abuja. Birnin da aka koma ɗin ba irin Kano ko Zariya ba ne da suka yi ta bunƙasa sannu a hankali cikin ɗaruruwan shekaru. Shi an zana shi a takarda tun kafin a ɗora tubali ko ɗaya. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta yi dokar kafa shi a Fabrairun 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokaci. A 1979 aka kammala babbar taswirar birnin.

Taswirar ba ta manta da rayuwar yau da kullum ba. An raba birnin gundumomi, kowace gunduma unguwanni, kowace unguwa da filin makarantar firamare, da asibitin sha-ka-tafi, da wurin cefane, yadda yaro zai taka da ƙafa ya je makaranta. An tsara a gina shi zango huɗu, an yi lissafin mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, sannan wajen miliyan 3 idan ya cika. Abin da lissafin bai ba shi nauyin da ya kamata ba shi ne inda direba da masinja da birkila da mai gadi da mai shayi za su kwana. Kuma su ne mafi yawan masu riƙe da kowane birni.

Amsar da suka samo wa kansu kowa ya santa. Nyanya, wadda ta faro a matsayin sansanin leburorin da ke gina birnin, ta cika ta batse. Sai aka tsallaka iyaka zuwa Mararaba, Ado, Masaka, duk a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Ta ɓangaren hanyar Kaduna kuma aka cika Kubwa, Zuba, aka tsallaka Madalla da Suleja a jihar Neja. Kuɗin hayar ɗaki biyu a Wuse ko Garki ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, ga masu gida na neman kuɗin shekara guda a dunƙule, wani lokacin ma biyu. Da gwamnati ta sayar da gidajenta na ma'aikata a zamanin Obasanjo, wanda aka ɗauka aiki bayan nan ba shi da gidan gwamnati da zai shiga. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya tashi dubban iyalai daga unguwannin da aka ce sun saɓa wa taswira. Mutanen ba su bar aikinsu ba. Matsawa kawai suka yi gaba, suka ƙara nisa.

A nan ne maganar tsara yanki ta shigo. Tsara gari shi ne hukuma ɗaya ta faɗi inda titi zai bi da inda kasuwa za ta zauna a cikin iyakarta. Tsara yanki ya fi haka faɗi. Ana duba duk zagayen da mutane ke kai-komo a cikinsa kullum domin aiki, karatu, magani da ciniki, a ɗauke shi abu ɗaya, ko da iyakokin jihohi sun ratsa ta tsakiyarsa. Sai hukumomin da ke ciki su zauna su amsa tambayoyi tare: gidaje nawa ake buƙata nan da shekara goma, a ina za a gina su, wa zai kai ruwa, wa zai gina makaranta, asibitin haihuwa mafi kusa yana ina, motar haya ta ina za ta bi. Dalilin haɗa gidaje da waɗannan hidimomi a teburi ɗaya ba boyayye ba ne. Gidan da babu ruwa, babu makaranta, babu asibiti a kusa da shi, arharsa ta ƙarya ce. Abin da mutum ya rage a kuɗin haya zai biya shi a kuɗin mota, da kuɗin ruwa, da kuɗin makarantar kuɗi, da lafiyar jikinsa.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja da asuba ya ga wannan da idonsa. Ana idar da sallar Asuba mutane sun riga sun yi cincirindo a bakin titi a Mararaba, wasu da abin karin kumallo a leda, mata da goyo, 'yan makaranta na gyangyaɗi a tsaye. Motoci sun yi jerin gwano har gangaren Kugbo, tafiyar da ba ta wuce rabin awa idan hanya a buɗe take sai ta cinye awa biyu. Da yamma kuma abin ya juya. Uba ya fita 'ya'yansa na barci, ya dawo sun yi barci. A cikin lungunan da ya baro, ɗan garuwa ne ke tura kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatsen wani mai hali, saboda famfon da ke kai ruwan madatsar Usuma zuwa Maitama da Asokoro bai san da waɗannan lunguna ba. Da yawa daga cikin masu tura kurar nan, da masu acaɓa, da masu faci, 'yan'uwanmu ne da suka zo cirani daga Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, har da Jamhuriyar Nijar, wasunsu a shago ko kango suke kwana.

Me ya hana a gyara? Ba rashin doka ba ne kaɗai. Akwai dokar tsara birane da yankuna ta 1992, wadda ta raba aikin tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Matsalar ita ce ikon a rarrabe yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A Abuja ministan birnin ne ke da wannan iko a madadin shugaban ƙasa. Saboda haka fili a Nyanya yana hannun minista, fili a Mararaba da ke maƙale da shi yana hannun gwamnan da ke zaune a Lafiya, na Suleja kuma yana hannun wanda ke Minna. Makarantar firamare da ƙaramin asibiti aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Babban titin da ya haɗa su na gwamnatin tarayya ne. Kowa yana iya cewa ba huruminsa ba ne, kuma ta fuskar doka bai yi ƙarya ba.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan zancen. Yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya, amma rabon da a yi ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ƙirga mutum miliyan 1.4 a duk yankin Abuja. Ƙaramar hukumar Karu ta yau ba ta wancan lokacin ba ce, amma da tsohon lissafi ake auna ta. Harajin albashi kuwa, doka ta ce na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ba inda ofishinsa yake ba. Wannan adalci ne, sai dai yana buƙatar ma'aikatu su rubuta ainihin inda mutum yake kwana, su kuma tura kuɗin can. Idan aka yi sakaci, jihar da ke ɗaukar ɗawainiyar 'ya'yan ma'aikaci a makaranta da matarsa a ɗakin haihuwa ita ce ke tashi a tutar babu.

Jirgin ƙasan cikin birni ya nuna yadda ake kuskure wurin da buƙata take. An buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, ya dawo aiki a Mayun 2024. Yana zuwa filin jirgin sama ta Idu, wani reshen ya nufi wajen Kubwa. Abu ne mai kyau. Amma bai kai Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani.

Wasu manyan biranen mulki sun sha irin wannan, suka samo dabara. Birnin Washington na Amurka ma yana tsakanin jihohi biyu ne, Maryland da Virginia. Tun 1957 hukumomin yankin suka kafa majalisar haɗin gwiwa, a 1967 kuma suka kafa hukumar sufuri guda wadda jiragenta ke tsallaka iyakokin birnin da jihohin biyu. Majalisar tana haɗa ƙidayar marasa matsuguni na duk yankin kowace shekara, kuma a 2019 ta amince a gina gidaje 320,000 tsakanin 2020 da 2030, kashi uku cikin huɗu a kusa da tashoshin sufuri da wuraren aiki, kashi uku cikin huɗu kuma masu sauƙin kuɗi ga talaka da matsakaici. Indiya ta yi doka a 1985 ta kafa hukumar tsara yankin babban birninta, wadda ta haɗa Delhi da sassan jihohin Haryana, Uttar Pradesh da Rajasthan. Ba wai matsalar gidaje ta ƙare a waɗannan wurare ba. Amma akwai teburin da doka ko yarjejeniya ta tilasta a zauna a kai, akwai lissafi guda da kowa ke aiki da shi, kuma idan aka gaza an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Irin wannan teburi ne Abuja da Nasarawa da Neja suke buƙata, mai kasafin kuɗi na kansa, wanda ba zai mutu da tafiyar minista ko gwamna ba. Kuma dole a ba Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin kujera a kansa, domin gonakinsu ne ake yankawa fuloti-fuloti.

Kafin a kai ga haka, mai shirin sayen fili ko kama haya a waɗannan garuruwa ya kula da kansa. Takardar da dillali ya rubuta, mai unguwa ya sa hannu, ba ita ce shaidar mallaka ba. A Abuja minista kaɗai ke ba da fili, a jihohi kuma sai an bi ta ofishin filaye na jihar. A je a bincika ko wurin yana kan hanyar da aka tsara, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a bakin rafi. An sha ganin ambaliya ta cinye gidaje a Lugbe saboda an yi gini a hanyar ruwa. A je unguwar da damina, kada a tsaya ga yadda take da rani. A tambayi maƙwabta inda suke samun ruwa, da nawa suke kashewa a mota kowane wata, da kuma asibitin da ake kai mace idan naƙuda ta kama ta da tsakar dare.