Ƙaramin Inji da Doguwar Hanya: Daga Dagona Zuwa Kano

 

Yau daga Dagona za mu tashi, ƙauyen nan na ƙasar Bade da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, inda tsuntsayen Turai suke sauka a dausayi duk lokacin hunturu. Mutumin wannan yanki ba ya rabo da doguwar tafiya. In asibiti ne babba, ko sarin kaya, ko kai yaro makaranta, to Kano ce, ko Damaturu, ko Potiskum. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, masu mota da yawa suka koma duban ƙananan motoci marasa shan mai, irin su Starlet da Yaris da Picanto. To amma duk wanda ya tsaya gaban irin wannan mota zai saya, sai ka ji wani a gefe ya ce, "Alhaji, wannan ai ta cikin gari ce. Za ta iya Kano kuwa?"

Za ta iya Kano kuwa? Tambayarmu ke nan.

Kafin in amsa, ku ba ni aron kunnuwanku mu leƙa maƙwabtanmu na Nijar, domin akwai wani labari da ya daɗe yana burge ni. A ƙarshen shekarar 1973, kamfanin Citroën na Faransa ya tara matasa da wata 'yar mota da ake kira 2CV, guda 60. Suka tashi daga Abijan, babban birnin Kwaddebuwa a lokacin, suka nufi Tunis. Kilomita wajen 8,000. Kuma ba kwalta suka bi ba, sai da suka ratsa Tenere, saharar nan ta arewacin Nijar da ko ayarin gishirin Bilma ba ya shigarta sai da shiri. Injin wannan mota fa silinda 2 gare shi, girmansa si-si 602, wato kamar injin Keke Napep uku a haɗe. Ƙarfinsa bai kai doki 30 ba. Ko lagireto babu, iska ce take sanyaya shi. Ku sake ji: bai kai doki 30 ba, ya ratsa Tenere.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne yadda suka tafi. Ba a jibga wa motocin lodi ba. Manyan motoci ƙirar Berliet ne suke biye da su, ɗauke da mai da ruwa da kayan gyara. 'Yar motar kuwa an bar ta sakayau, an duba ta kafin a tashi, ana dubawa a hanya. Da haka ta kai.

Mu dawo gida. Dattawanmu suna tuna Peugeot 504, Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda ta daɗe tana mulkin tashoshinmu. Injinta lita 2 ne, amma ƙarfinsa bai cika doki 100 ba. A 2012 kamfanin Ford ya fitar da inji mai lita 1 kacal, silinda 3, da na'urar tabo mai cusa masa iska, yana ba da doki 125. Rabin girman na Fijo, amma ya fi shi ƙarfi. Sai dai ni ina da ja a kan irin wannan inji a ƙasarmu. Yana son baƙin mai na gaske a kan kari, ba ya jure ƙura, kuma ba kowane gareji ne zai iya buɗe shi ba. Ga mutumin Dagona, ƙaramin inji na gargajiya, mai lita 1.3 ko 1.5, wanda kowane bakanike a Gashuwa ya san cikinsa, ya fi kwanciyar hankali.

To, amsa a taƙaice: za ta iya. Mota tana tafe a miƙaƙƙiyar hanya da gudun kilomita 80 ko 100, ba ta cin ko rabin ƙarfin injinta. Hasali ma doguwar tafiya ta fi wa inji daɗi a kan tsaya-tashi na cikin Kano, domin iska tana dukan lagireto, giya ɗaya aka sa aka bari. Kuma dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ba ta ba motar gida fiye da 80 a hanyar da aka saba ba, 100 kuma a tagwayen hanya. Babu ƙaramar motar da za ta gaza wannan.

Amma fa ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai inda ƙaramin inji yake gazawa, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Lodi. Ƙaramar mota, duk abin da aka yarje mata ta ɗauka, har da direba, bai wuce kilo 400 da ɗoriya ba, kuma yana rubuce a littafinta. Manya 5 sun kusa cinye wannan. Sai kuma a kawo buhun shinkafar Gashuwa, a kawo kwalin bandar kifi na tsaraba, a ɗaure but da igiya. Motar za ta tashi, ba ta musu. Za ta yi ta tafiya lafiya lau har sai ta tarar da tirela.

Nan ne zuciyata take tsinkewa. Hanyoyinmu na nan arewa, daga Nguru ta Malam Madori, ko daga Gashuwa ta Jakusko zuwa Potiskum, ko ta Bayamari da Dapchi zuwa Damaturu, falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa a kwalta guda. Potiskum kuwa kowa ya sani matattarar tireloli ce da shanu. Idan za ka wuce tirela, dole ka shiga hannun wani, kuma duk daƙiƙar da ka ƙara a can aro ce. Babban inji zai fizga ya koma hannunsa. Ƙarami da lodi kuwa, ka taka totur har ƙasa, sai ƙara, ba ja. Ɗan'uwa direba, idan kana cikin 'yar mota, kada ka fita kana giya ta 5. Sauko 4, ko ma 3, tun kana baya, ka bar tazara ka ga gabanka sarai, sannan ka fita. Idan ka yi shakka, zauna a bayan tirelar. Ka yi shakka, zauna. A tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda aka kammala ta, wannan damuwa ta ragu ƙwarai. Ashe ke nan babbar hanyar da ake tsoratar da mai ƙaramar mota da ita, ita ce ta fi masa sauƙi.

Sai zafi. A watan Afrilu Nguru tana haura digiri 40. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe filtar iska da haƙarƙarin lagireto, an zuba ruwan rijiya mai barin tsatsa maimakon ruwan sanyaya inji, ga esi a kunne, ga lodi. Idan allura ta hau, kada ka ce bari in ƙarasa gari na gaba. Tsaya, ka bar inji ya huce, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Injin da ya buga a hanya, sau da yawa ba ƙanƙanta ce ta kashe shi ba, ruwa ne da baƙin mai.

Gudu kuma, ga lissafi. Daga 100 zuwa 120, tokarar da iska take yi wa mota tana ƙaruwa da kusan rabi, mai yana zuba. A tafiyar kilomita 200, abin da ka samu minti 20 ne. Minti 20 kacal, ka kuma mayar da ribar man da ta sa ka sayi motar.

 Taya: duba gefenta, akwai lambobi 4 a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗi a kan wadda ta wuce shekara 4, tayar gwanjo kuwa ta kan zo da shekarunta. Ƙaramar taya ba ta yafe rami, saboda haka a tafi da safaya mai iska da jak. Idan kuma ka sauka daga kwalta ka shiga rairayi ko laka da damina, gajartar motar ce za ta tsayar da kai, ba injinta ba. A tashi da sassafe, a huta duk bayan awa 2.

Nan za mu dakata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.