Wane ne wakilin haraji?

Tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ake ta ambaton wakilin haraji. Shi ne wanda ka damƙa wa ikon tsayawa gaban hukumar haraji a madadinka: ya cike takardar bayanin kuɗin shigarka, ya miƙa, ya amsa tambayoyin jami'ai. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta ce ko ka tsaya da kanka, ko ka ɗauki wakilin da hukumar ta tantance. Wace hukuma ce, ya danganta da irin harajin: mai sayar da hatsi a Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, harkarsa tana hannun hukumar harajin Jihar Kano. Harajin kamfani kuwa na tarayya ne.

Wani zai ce ai ƙanensa mai boko ya isa, me ya kai shi biyan bare? Ƙane na iya jera rasitai da littafin bashi, amma takardar da wanda ba a tantance ba ya miƙa da sunan wakilci, doka ba ta lissafa ta. Shi ma tantancaccen ba ya sauke maka nauyi: in ya rage yawan buhunan da ka sayar, ko ya bari ranar ƙarshe ta miƙa takardar, 31 ga Maris, ta wuce, kai tara za ta hau.