Tsofaffin Kaset na Nguru da Gashuwa da Amanar Fuskokin Magabata

A shekarun da suka biyo bayan yanke Jihar Yobe daga Barno a 1991, da wuya a yi wani babban sha'ani a Nguru ko Gashuwa, ɗaurin aure ne ko walimar saukar Alƙur'ani, hawan sallar Mai Bade ko bikin kamun kifi na Gogaram, ba a ga mai ɗaukar bidiyo saɓe da kyamara a kafaɗa ba. Kaset ɗin da aka ɗauka a waɗannan shagulgula, irin VHS da kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, suna nan jibge cikin akwatuna da adakoki, alhali kuwa da yawa daga waɗanda ke cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Abin takaici, hoton yana kwance ne a kan siririn zare da aka manna wa garin maganaɗisu, kuma zafin bazarar ƙasar nan, wanda kan haura digiri 40, da danshin damina da ambaliya irin wadda ta auka wa Gashuwa a 2022, duk suna cin wannan zare har ya yi fumfuna ko ya manne. Na'urar kunna shi ma ta zama abin nema, tun da Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a 2016. Saboda haka juye kaset ɗin cikin kwamfuta wajibi ne da ba ya son jinkiri.

Bayan juyewa ne ake shiga wurin da ke bukatar tsantseni. Kaifin hoton VHS layi wajen 240 ne kacal, talabijin na zamani kuwa yana nuna ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, don haka tsohon hoto kan fito dishi-dishi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin su Topaz Video AI, suna share dusar hoto, su daidaita rawarsa da launinsa, kuma a nan haƙiƙa sun cancanci yabo. Amma idan aka umarce su su ƙara kaifi, abin da kyamara ba ta kama ba tun asali babu inda za su samo shi sai ta hanyar kintace, watau su yi ƙiyasi da ɗimbin fuskokin da aka horar da su da su, su zana ido da haƙori da gashin baki yadda suka fi zato. A 2020 an ba wata manhaja mai suna PULSE dusasshen hoton Barack Obama, ta mayar da shi Bature. To, ina ga dattijuwar Bade ko dattijon Manga mai tsagar gado a kunci, wadda manhaja za ta iya ɗauka ƙarzuwar zare ce ta goge, ta miƙo wa jikoki fuska sumul wadda ba ta kakarsu ba?

Malaman Barno da suka kwafi littattafai da hannu sun san wannan mas'ala tun da daɗewa, shi ya sa suke rubuta matani da manyan baƙaƙe, sharhi kuwa da ƙanana a gefe ko tsakanin layuka, domin kada mai karatu ya jingina wa mawallafi maganar da ba tasa ba. A ra'ayina haka ya kamata masu shagon kwamfuta na garuruwan nan su yi: a fara juye kaset yadda yake, da aibinsa da dusarsa, a adana kwafi biyu a wurare dabam-dabam ba tare da an taɓa shi ba, sa'an nan a yi gyararren a matsayin na biyu, a rubuta a jikinsa cewa na'ura ta sa hannu. Kaset ɗin kansa kada a yar. Kuma tun dattawan da suka halarci taron suna raye, a zaunar da su gaban allo su ambaci sunan kowa da unguwarsa da shekarar da aka yi bikin, a rubuta a ajiye tare da kwafin.