Sahun da ke tsare jijiyar haƙori

A unguwar Bolari da ke Gombe, idan zafin Afrilu ya kankama, mai zoɓo da ƙanƙara ba ya rasa ciniki. Sai dai za ka ga wani ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya dafe kunci. Nan take 'yan majalisa su hau fatawa: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce tsutsa ce ta shiga. To, babu wata tsutsa a haƙori.

Farin da muke gani ɓawo ne, inamel. Kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, kuma ƙwayoyin halittar da suka gina shi sukan ƙare da fitowar haƙori, don haka abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. A ƙarƙashinsa akwai dentin mai ɗan rawaya, gangar jikin haƙori, wanda ma'adininsa bai wuce kamar kashi 70 ba. Shi kam masu gina shi suna nan da ransu: ƙwayoyin odontobilas, waɗanda suka kewaye ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Kowace tana miƙa siririn zare cikin 'yan mitsi-mitsin kafofin da suka ratsa dentin. Idan ɓawo ya huje ko dasashi ya janye, sai sanyi ya motsa ruwan da ke cikin kafofin, jijiya ta amsa. Wannan bayanin Martin Brännström ne, ɗan Suwidin, tun shekarun 1960, kuma har gobe shi likitoci suka fi riƙo da shi.

Ƙwayoyin odontobilas ɗin nan jere suke kamar sahun masallata, kafaɗa da kafaɗa, ba a bar giɓi ba. Abin da ke riƙe su wasu furotin ne da ke fitowa daga fatar ƙwaya su sarƙe da na maƙwabciyarta. Fitaccen cikinsu shi ne kadherin, wanda Masatoshi Takeichi na Jami'ar Kyoto a Japan ya fara gano alamarsa a 1977. Sai da kalsiyam yake kamawa. A janye kalsiyam, ƙwayoyi su saki juna. Akwai kuma konesin 43, mai buɗe 'yar hanya tsakanin ƙwaya da ƙwaya, saƙo ya riƙa wucewa, su yi aiki baki ɗaya. Da wannan haɗin ne dentin ke shimfiɗuwa daidai, da shi ne kuma ake rage abin da zai tsallaka zuwa ɓargo.

A 2002 masana daga Faransa da Suwidin suka wallafa bincike kan haƙoran mutane. Sun ga cewa wani nau'in kadherin, mai lambar N, yana da yawa a odontobilas lokacin da haƙori ke ginuwa, yakan ja baya a haƙorin baligi mai lafiya, amma da zarar ruɓa ko rauni ya taɓa wurin sai ya sake bayyana. Wato haƙori ba ya zuba ido a cinye shi. Ƙwayoyin cuta na cin sukarin shayi da alewa da lemon kwalba suna fitar da tsami mai narkar da ɓawo, su kuwa odontobilas suna ƙara kaurin dentin daga ciki. Idan ruɓar a hankali take tafiya, sukan riƙe ta tsawon lokaci. Idan ta zo da gaggawa, sai su mutu.

A nan ne masu ɗiga ruwan batir a kogon haƙori suke cutar kansu. Zafin na iya lafawa, amma don an ƙone jijiyar ne tare da masu gyaran.

Mu kuma da yawanmu ba ma neman sashen haƙori, ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko wani, sai kunci ya kumbura. Muddin zafi sai an sha sanyi yake zuwa, kuma ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, galibi ɓargon na iya warkewa, cike kogon ya wadatar. Idan ya kai ga zogi da tsakar dare ba tare da an ci komai ba, sai dai a kwashe jijiyar ko a cire haƙorin.