Na'urar DVD Mai Cin Faifai Da Yawa: Daɗinta Da Ɗawainiyarta

Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya a faifan VCD a farkon shekarun 2000 ya san inda ake katse wa mutum hanzari. Faifan VCD ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 74 zuwa 80, fina-finan Indiya kuwa sukan kai awa uku, wasu ma su zarce. Lagaan na Aamir Khan, wanda ya fito a 2001, minti 224 ne, ke nan sai an raba shi faifai uku. Ana tsaka da kallo sai hoto ya ɗauke, a tashi yaro ya cire na ɗaya ya sa na biyu, in an yi rashin sa'a ya sa na uku, a ga ƙarshen labari tun ba a ga tsakiyarsa ba. Fina-finan Hausa ma, da suka baro kaset suka koma faifai, yawancinsu kashi-kashi suke zuwa, na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu. Wannan ne ya sa na'ura mai cin faifai uku ta yi farin jini a gidajenmu, har ta shiga jerin kayan ɗakin amarya.

Asalin dabarar ba don fim aka ƙirƙiro ta ba. Daga duniyar kiɗa ta fito. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Japan irin su Pioneer da Sony suke ƙera na'urar CD mai ɗaukar faifai biyar ko shida, domin mai gida ya zuba waƙoƙinsa ya koma ya zauna. Da DVD ya fito a Japan a watan Nuwamba na 1996, ya isa Amurka a Maris na 1997, sai kamfanonin suka ɗauko wannan tsari suka ɗora masa. Faifan DVD faɗinsa ɗaya da na CD, santimita 12, kaurinsu ma ɗaya, don haka injin da ke juya wannan zai juya wancan ba tare da an sake wani babban ƙira ba.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya gane shi ne, komai yawan faifan da na'urar ke haɗiya, ido ɗaya gare ta. Idon nan shi ne ɗan gilashin da hasken leza ke fitowa ta cikinsa ya karanta faifai. Ba ta karanta biyar a lokaci guda, kuma ba ta fi mai cin ɗaya kyan hoto don ta fi ta girma ba. Abin da aka ƙara mata hannu ne kawai, wato injin da ke kawo faifai gaban ido, ya ɗauke shi, ya kawo wani. Kuɗin da mutum ya ƙara, na wannan hannun ya biya.

Irin da aka fi sani ita ce mai faffaɗan tire, wanda in ya fito za ka ga gurabe uku ko biyar a zagaye kamar tandar waina. Tiren na juyawa, faifan da aka zaɓa ya tsaya saitin ido, sai injin ya ɗago ya kama shi ta ramin tsakiya. Sony da Panasonic da Yamaha sun fi yin mai biyar, Onkyo ta yi mai shida, Toshiba kuma ta taɓa yin mai tire biyu kacal. Yamaha ta yi suna da wani tsari da ta kira PlayXchange: ana cikin kallon faifai ɗaya, za ka iya buɗe tire ka canza sauran huɗun ba tare da fim ya tsaya ba. Wasu kamfanonin ma suna da irinsa da wani suna daban, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da aka taɓa sa wa waɗannan na'urori.

Sai kuma manyan, waɗanda ba su cika zuwa kasuwanninmu ba sai jefi-jefi cikin kayan gwanjo. A cikinsu faifai a tsaye yake, kowanne da ramin da yake shiga a jikin wani babban zobe mai juyawa. Pioneer ta yi mai ɗaukar 301. Sony ta fara da 200, ta haura 300, ta kai 400, kuma a 2005 ta fitar da DVP-CX995V mai ɗaukar faifai 400 da mahaɗar HDMI. Waɗannan ba na'urar kallo kaɗai ba ne, ma'aji ne. Mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a ciki, ya tattara kwalaye ya kai sito.

Masu irin waɗannan na'urori a Amurka da Turai sun daɗe suna bayyana abin da suka gani, kuma yabonsu da kukansu kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yabon a bayyane yake. Wanda ya sayi cikakken zangon wani shiri mai dogon zango, faifai biyar ko shida a kwali guda, yana zuba su gaba ɗaya ya huta. Wanda ke da doguwar sigar The Lord of the Rings, da kowane fim aka raba faifai biyu, ba ya tashi a tsakiya. Mai ƙananan yara ya tsira daga yatsu masu maiƙo, domin faifan da ba a taɓawa ba ya karcewa. Ga tsoho ko mara lafiya da tashi ke yi wa wuya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma bai kamata a raina shi a ce lalaci ne ba.

Kukan kuwa ya fi tsawo, kuma babbansa ya samo asali ne daga yadda aka tsara faifan DVD kansa. CD in ya ƙare, ya ƙare, na'ura ta wuce na gaba. DVD na asali ba haka yake ba. In fim ya ƙare sai ya koma shafin zaɓi ya tsaya yana jiran a danna masa. Na'urar ba ta san an gama ba, don haka ba za ta wuce ba. In ka matsa ta wuce da kanka, sabon faifan zai fara da gargaɗin haƙƙin mallaka da tambarin kamfani, wani lokaci har da tallan wasu fina-finai, kuma masu faifan sun kulle rimot ta yadda ba za ka iya tsallakewa ba. Ke nan alkawarin "zuba ka kwanta" ya cika a kan waƙa, amma a kan fim rabi ya cika. Abin mamaki, VCD da ake rainawa ya fi dacewa da wannan na'ura, domin in aka kashe PBC, wato tsarin da ke fito da shafin zaɓinsa, a rimot, yakan tafi kai tsaye ba tare da shafin zaɓi ba, na ɗaya na ƙarewa na biyu ya ɗauka.

Bayan wannan akwai jinkiri da ƙara. Kafin tire ya juya, inji ya kama faifai, ido ya tantance ko CD ne ko DVD, an ɗauki daƙiƙu masu ɗan yawa, ga ƙarar ƙarafa da roba a cikin dare. Da yawa daga cikin na'urorin kuma in ka bar faifai ka koma wani, sun manta inda ka tsaya. Masu manyan na Sony suna da nasu ciwon kan na daban: faifai 400 ba su da amfani in ba ka san wanne ke rami na nawa ba, kuma yawancin faifai ba sa gaya wa na'ura sunansu. Dole mutum ya shigar da sunaye ɗaya bayan ɗaya, da rimot ko da allon rubutu irin na kwamfuta, cikin 'yan haruffa ƙalilan da aka ba shi. Akwai masu ƙorafin cewa bayan duk wannan wahala na'urar ta goge musu sunayen, shi ya sa da yawa suka koma rubuta jerin a takarda ko a kwamfuta.

A ƙasarmu ana ƙara wasu matsalolin a kan waɗannan. Ta farko wuta. In aka ɗauke ta, mai cin ɗaya faifai ɗaya ta riƙe maka, mai cin biyar kuwa biyar ta riƙe, kuma a zamanin da ake karɓo faifai haya a shago, kwanan da ya ƙaru kuɗi ne. In an ɗauke wutar tire na tsakiyar juyawa, wani lokaci faifai kan goce daga gurbinsa ya maƙale. Ta biyu ƙurar hunturu. Babban tire babbar ƙofa ce, duk buɗewa sai ƙura ta shiga ta kwanta a kan ido da kan man da ke jikin haƙoran injin. Ramukan da ke ɗauke da bayani a faifan DVD ƙanana ne ƙwarai, tazarar layi da layi ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka ƙurar da ido bai gani ba ta isa ta sa allo ya rubuta "No Disc". Ta uku zafi, wanda ke sa robar da ke jan tire ta saki. Wannan ita ce cutar da ta fi kama su, kuma ita ce mafi arha: roba ce 'yar ƙarama da mai gyaran rediyo zai canza cikin ɗan lokaci. An zubar da na'urori masu lafiya da yawa saboda ita.

Akwai wata alama da ke rikita mutane. Na'ura ta karanta VCD da CD lafiya lau amma ta ƙi DVD, ko kuma akasin haka. Dalilin shi ne a cikin ido ɗayan nan yawanci leza biyu ce: ja mai tsawon zango nanomita 650 domin DVD, da wata mai 780 domin CD da VCD. Ɗaya na iya raunana ɗayar na nan garau. In gogewa ba ta yi magani ba, sai an canza idon, kuma a nan ne ake duba ko kuɗin gyaran bai kai na sayen wata ba.

Wanda zai sayi ta hannu, musamman wadda aka shigo da ita daga Amurka, ya duba bayanta tukuna. Wutar can bolt 120 ce, tamu 230, in ba a sa mata na'urar rage wuta ba, jonawar farko ita ce ta ƙarshe. Sannan akwai kullen yanki. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya shida: Amurka da Kanada ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya ta 2, Nijeriya da Nijar da mafi yawan Afirka tare da Indiya da Rasha ta 5. Na'urar shiyya ta 1 za ta ƙi faifan asali na shiyya ta 5. Faifan VCD ba shi da wannan kulle, haka ma yawancin waɗanda ake bugawa a nan gida, amma akwai bambancin tsarin hoto, NTSC a Amurka, PAL a Nijeriya, kuma da yawa daga na'urorin Amurka ba sa karɓar PAL. Kada a saya sai an gwada kowane gurbi da faifan da aka zo da shi daga gida, an ga ta juya ta kama ta saki. In za a ɗauke ta zuwa wani wuri, a fara kwashe faifan da ke ciki.

Abin da ya kashe kasuwarta ba lalacewa ba ne. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, alhali CD megabait 700 ne. Da 'yan kasuwa suka fara matse fina-finai goma ko ashirin a faifai guda, duk da hoton ya dusashe, buƙatar tire mai gurbi biyar ta ragu. Da ƙananan na'urorin China masu ramin filashi suka cika kasuwa, sai ta ƙara raguwa. Daga nan masu tura fim a waya suka karɓe cinikin, YouTube da tashoshi irin su Arewa24 suka ƙarasa. A Amurka ma haka abin yake: Netflix, wanda ya fara da aika faifai ta gidan waya, ya rufe wannan sashe a Satumba 2023.

Duk da haka ban yarda a ce ta zama tarkace ba. A gidaje da yawa akwai buhuna da kwalaye cike da faifan tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da bidiyon biki da suna da saukar karatu, da fina-finan Hausa na zamanin Kasuwar Ƙofar Wambai waɗanda ba duka aka ɗora a intanet ba. Faifan da aka buga a kwamfuta ba ya dawwama, zafi da rana suna cin sinadarin da ke riƙe da bayanin, kuma kwamfutocin yanzu da yawa ba su da wurin sa faifai. Ga mai irin wannan tari, na'ura mai cin uku ko biyar ita ce hanya mafi sauƙi ta bin su ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ke da rai. Ga wanda fim ɗaya yake kallo a mako kuwa, mai cin ɗaya ta ishe shi, ta fi arha, kuma abin lalacewa a cikinta ya fi kaɗan.

In kana da ita a ƙarƙashin gado, fito da ita ka kai wa mai gyara ya canza roba ya goge ido. Ka gwada faifanka, ka goge su da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, waɗanda suka yi kuma ka kai a kwafe maka su a filashi ko a kwamfuta tun suna karantuwa.