Mace-macen Ƙananan Yara a Yankinmu: Kira Ga Iyaye da Malamai

Ya ku iyaye da malamanmu masu daraja, ku ne ke raɗa wa jariri suna ranar bakwai, ku ne kuma ake kira idan an yi rashi. Saboda haka kun riga mu sanin abin da alƙaluma ke faɗi.

Ga yadda ake lissafin: a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, nawa ne suka rasu kafin su cika shekara biyar? Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna yara 269 a Arewa maso Yamma, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. A binciken 2018 adadin ya sauko zuwa 187, alhali na Nijeriya baki ɗaya 132 ne. An samu sauƙi, amma a ganinmu bai kai na a miƙe ƙafa ba. Da yawa cikin waɗannan yara a gida aka haife su, a gida suka rasu, ba su taɓa shiga rajistar kowa ba.

Rai da ajali na Allah ne, ba mu ja da wannan. Sai dai ƙyanda da tarin shiƙa da mashaƙo suna da rigakafi, kuma neman kariya ba ya kore tawakkali. A 2003 an dakatar da ɗigon shan inna a Kano saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta. Aka koma ɗigon a 2004, sarakuna da malamai suka sa baki, a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mashaƙo kuwa ya ɓarke a 2023, ya fi tsanani a Kano, kuma akasarin waɗanda ya kama ba su kammala allura ba.

Allura ɗaya ba ta wadatarwa. A kai jariri da zarar an haife shi, a koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Ɗan zazzaɓin da kan biyo baya yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Muna roƙon limamai, idan an zo raɗin suna, a tambayi maigida ko an karɓo katin rigakafi da takardar haihuwa. Mun lura uwa ba ta cika fashin zuwa asibiti ba idan maigida ne da kansa ya ce a je.