Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Auna Iskar Teku

Duk iskar da ta bi ta kan teku sai ta bar sawu. Tana yamutsa fuskar ruwa da 'yan ƙananan igiyoyi masu tsawon santimita kaɗan, irin waɗanda ke tashi a kofin shayi idan an hura shi. Wannan sawun ne tauraron ɗan Adam yake karantawa da na'urar rada mai suna sikataromita.

Daga nisan kilomita kusan 800, na'urar tana harba sigina a karkace zuwa ga ruwa, ta saurari abin da ya dawo. In teku ya kwanta lumui, siginar takan zame ta yi gaba, kaɗan ce ke komowa. In iska ta yi ƙarfi, igiyoyin su yawaita, amsa-kuwwar ma ta ƙaru. Da haka ake lissafa gudun iska a tsayin mita 10 daga fuskar ruwa, dare ko rana, ko da hadari ya rufe sama.

Gano inda iskar ta dosa ya fi wuya. Igiyoyin suna jeruwa a gicciye da hanyar iska, saboda haka amsa-kuwwa ta fi ƙarfi idan na'urar na fuskantar iskar ko tana bin bayanta, ta raunana idan daga gefe take kallo. Shi ya sa ake duban wuri ɗaya ta kusurwoyi dabam-dabam. Duk da haka lissafin yakan ba da amsa biyu zuwa huɗu, sau da yawa biyu daga ciki suna kishiyantar juna, sai an gwada da hasashen yanayi na kwamfuta kafin a zaɓi ɗaya.

Tauraron Seasat na hukumar NASA ya nuna amfanin dabarar a 1978, ko da yake wata uku da 'yan kwanaki kawai ya yi. Tauraron QuikSCAT kuwa, daga 1999 zuwa 2009, yana share faɗin kilomita 1,800, ya duba kusan kashi 90 cikin ɗari na tekunan duniya kullum. Masu bibiyar guguwar Atlantika sun ci moriyarsa sosai.

Ruwan sama mai ƙarfi yana dagula awon, kusa da gaɓa kuma amsa-kuwwar tudu tana shiga ciki. Na'urar ASCAT ta Turai, wadda aka fara harbawa a 2006, tana amfani da sigina mai dogon zango, don haka ruwan sama bai cika damun ta ba.